Ranar da Na Goya Kakanku

Na san abin da dangin mahaifiyarku suka gaya muku a kaina, domin ni ma ya dawo kunnena. Sun ce ubanku ya shiga gonar surukinsa da gajeren wando, ya kira sunansa gatsal a gaban jama'a, sannan ya saɓa shi a baya kamar buhun taki. Duk an yi. Ba zan musa ko ɗaya ba, sai dai batun buhun taki, don kakanku bai kai nauyin rabin buhu ba. Lokacin da abin ya faru kuna Zariya da Funtuwa, babu layin waya, labarin kuma sai da ya bi ta bakin mutane da yawa kafin ya iso muku, kowa ya ɗan ƙara masa gishiri. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, ga lokaci ga biro, bari in faɗa muku yadda aka yi.

Sai na fara da gudu, don in ba ku san gudun ba ba za ku gane sauran ba. A wani ƙauye kusa da Pauwa aka haife ni, kuma tun ina ƙarami ni ake aika duk inda ke da nisa, saboda ba na gajiya kuma ba na tsayawa kallon dambe a hanya. Da na shiga makaranta aka sa ni gudun yada-ƙanin-wani. A gasata ta farko na fita kamar an harbo ni, na bar kowa a baya, ina jin daɗin kaina, kafin a yi rabi na zube gindin wata tsamiya ina amai, waɗanda na raina suka zo suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Ban sake yin wannan wautar ba. Daga baya na zama malamin motsa jiki a Faskari, inda aka laƙaba mini Malam Mai Usur, na yi shekaru ina jan ɗalibai gudu da sassafe. A nan na koyi abin da ya fi gudun kansa wuya, wato jan mutane. In kana gaba, idonka na kan hanya amma kunnenka na baya. Kana sauraron hakin kowa, ka san wanda ya kusa faɗuwa tun shi bai sani ba, sai ka rage ba tare da ka waiwaya ka kunyata shi ba. In ka bi ƙarfin ƙafarka kai kaɗai za ka isa, kuma hedimasta zai tambaye ka ina 'ya'yan mutane.

Bayan na yi ritaya muka koma Tudun Kanya, ta wajen Damari, kusa da dangin mahaifiyarku. Sai ga shekarar nan da gwamnati ta kashe layin waya a yankinmu ta kuma hana hawa babur, wai don a toshe wa 'yan bindiga hanya. Su dai ba su daina hawa nasu ba, mu ne muka koma kamar zamanin kakanni. In an ga baƙin fuska a wani ƙauye, kafin labari ya kai ƙauye na gaba an riga an yi abin da za a yi. Abin ya dame ni ƙwarai. Na tara magidanta masu sauran ƙarfi daga ƙauyukan da ke kewaye, na raba musu hanya zango-zango, kowa ya kawo labari ya miƙa wa na gaba. Na hana su fita da ƙarfi. Na ce kowa ya iso da sauran numfashin da zai yi magana, don ɗan aiken da ya iso ya faɗi yana nuna baya da yatsa bai kawo komai ba. Wannan duk sun karɓa. Wadda ta gagara ita ce dokar gaisuwa. Na ce in ka iso, kada ka tsuguna, kada ka tambayi gajiya da iyali, faɗi abin da ya kawo ka. Sai suka dube ni kamar na ce su bar salla. Mahaifiyarku ma dariya ta yi mini.

"Malam, kai da ko tari ba ka iya yi gaban Baba, kai ne za ka koya ma mutane rashin gaisuwa?"

Gaskiyarta. Kakanku shi ne Sarkin Noman Rafin Gora, kuma tun kafin a haifi babbanku ban taɓa duban tsakiyar idonsa ba. Tun daga nesa nake tuɓe takalmi, in tsuguna, in yi gaisuwa ina kallon ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon wani wuri. In ina da magana sai in gaya wa ƙanensa, Baffa Ado, shi ya isar, ko da kuwa mu ukun muna zaune a tabarma ɗaya. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Ko mai irin sunansa na haɗu da shi a kasuwa, sai dai in ce masa mai sunan Baba. Haka muka taso muka gani, kuma ban taɓa jin nauyin abin ba.

A kakar shekarar nan kowa ya bar gonakin nesa, dawa ta nuna tana tsaye babu mai yanka. Kakanku yana da babbar gona a bakin daji, ya ce shi ba zai bar ta ba, ya sa aka yi shelar gayya. Kada ku ɗauka taurin kai ne kawai, ko da yake akwai shi. Rumbunansa ne ke riƙe rabin garin idan damina ta yi tsakiya abinci ya ƙare, kuma mutane na amsa gayyarsa ne saboda sun san haka, da kuma saboda kwarjininsa. Mutum ne ɗan siriri, amma in ya yi gyaran murya ƙarti sai su nutsu. Na aika ta bakin Baffa Ado cewa a jinkirta. Amsar da ta dawo ita ce an ji.

Ranar gayyar da hantsi ina tsakar gida, ban ko cire gajeren wandon motsa jikina ba, sai ga Lawali tela, ɗaya daga cikin masu gudunmu, ya faɗo ba sallama. Ranar ce kaɗai na ga ya bi dokar gaisuwa.

"Malam, suna bayan dutse. Mai nono ta gan su, babura da igiyoyi. Sun tambaye ta gonar Sarkin Noma. Sai an kawo abinci za su shigo, don su haɗa da mata."

Mutumin da ke da zangon ƙarshe zuwa Rafin Gora shi ma yana cikin gayyar da laujensa. Lawali kuwa ya gama, ƙafafunsa rawa suke yi. Ko da ma yana da sauran ƙarfi, na san abin da zai faru: zai isa ya tsuguna a bakin gona yana jiran Sarkin Noma ya ba shi izinin magana. Na ɗaure igiyar takalmina. Mahaifiyarku ta fito daga ɗaki da dogon wando da riga a hannu, fuskarta ta canja.

"Ka sa wannan. Don Allah kada ka tahi mashi haka. Kuma ka nemi Baffa Ado ya hwaɗa mashi, ka ji?"

Na ce mata ba a gudu da babbar riga, na fita. Ina jin ta tana kirana har na sha kwana.

Na kusa sittin a lokacin, kuma tsoro yana da wata dabara, sai ya riƙa ce maka ƙara, ƙara, kana ɓata lokaci. Duk jikina so yake in fita da ƙarfi. Na tuna tsamiyar nan, na danne kaina, na kama ɗan gudun da nake jan 'yan aji ɗaya da shi, wanda in mutum ya gan ka zai ce ba sauri kake yi ba. Ban taɓa yin abin da ya fi wannan wuya ba, a ce kana sane da igiyoyi a bayan dutse kana tafiya sannu-sannu. A hanya na cim ma matan Rafin Gora ɗauke da ƙoren fura da kwanonin tuwo. Ban tsaya ba, na ce musu su juya, a gida za a ci yau. Suka bi ƙafafuna da kallo, wata ta rufe baki da mayafi, amma sun juya.

Tun daga nesa na jiyo gangar noma. Na iske mutane sun jeru suna yanka, wasu na ɗaure dammuna, ga waƙa ga ihu. Kakanku na zaune a kan buzu gindin ɗorawa, sandarsa a gefe, Sani makaɗi na kusa da shi. Baffa Ado yana can ƙarshen gona. Kuma ni da na kafa dokar hana tsugunawa, ina isa ƙafafuna suka tsuguna da kansu. Na dubi ƙasa na ce wa Sani ya gaya wa Baba ga abin da ake ciki, na faɗi duka. Kakanku ya ji kowace kalma, don tsakaninmu bai fi tsawon tabarma ba. Ya kawar da kai ya dubi makaɗin.

"Mi wanga ke yi nan tsirara?"

Sani ya maimaita masa saƙon.

"Ka ce mashi mun ji. In an gama gefen nan sai a tashi."

Gefen nan kuwa aikin da zai kai la'asar ne. Ina tsugune ina neman yadda zan sake faɗa cikin ladabi, sai na jiyo shi can ƙasa-ƙasa, a bayan kiɗan, ta wajen daji. Ƙarar babura ce. A shekarar nan babu mutumin kirki da ke hawa babur, saboda haka babu abin tambaya. Kunnen da na yi shekaru ina sauraron hakin yara da shi ne ya jiyo, sauran mutane ba su ji ba tukuna. Na miƙe tsaye, na dubi kakanku cikin ido, na kira sunansa. Sunansa na yanka, ba Alhaji ba Baba.

Gangar ta tsaya cak. Na ga lauje ya faɗi daga hannun wani. Mutanen da ke kusa suka daskare da baki buɗe, na nesa suka ɗago don jin kiɗa ya yanke. Kakanku ya dube ni, karo na farko a rayuwarmu, kuma abin da na gani a fuskarsa ba fushi ba ne, tsabar mamaki ne, kamar akuya ce ta yi masa magana. Ni kaina sai da na ji kamar ba daga bakina ya fito ba. Na ce masa sun taso, ga ƙararsu nan, a tashi yanzu.

Na san in na yi ihu na ce a gudu, kowa zai watse, wasu su faɗa dajin da ake gudu, matasa su tsere su bar tsofaffi. Na sha ganin haka a filin makaranta, balle da bindiga a baya. Sai na kama kafaɗar Sani na ce ya ci gaba da kiɗa, ya kama hanyar gari da ɗan gudu, kada ya yi sauri kada ya tsaya. Na ce dattawa su bi bayansa, masu ƙarfi su zo ƙarshe, a bar dammuna inda suke. Suka fara haɗuwa, amma babu wanda ya ɗaga ƙafa, duk idonsu na kan gindin ɗorawa. Kakanku bai motsa ba.

"Ku tahi. Ni a gonata za su iske ni."

Babu mai tafiya ya bar shi, shi ma ya sani. Ƙarar kuwa yanzu kowa na jin ta. Ban yi shawara da kowa ba. Na juya masa baya, na durƙusa, na kamo hannuwansa na ɗora a kafaɗuna, na miƙe da shi. Hularsa ta faɗi. Na ji jama'a sun ɗauki salati gaba ɗaya, wani dattijo yana ta maimaita innalillahi kamar an yi mutuwa. Na bi bayan ganga da Sarkin Noma a goye, ƙafafunsa na lilo a gefena. Sai ga shi kowa ya biyo. Har yau ina zaton rabinsu ba tsoron 'yan bindiga ne ya taso su ba, sun biyo ne don idonsu ya kasa barin abin da yake gani.

Muna gangarawa rafi aka fara harbi a bayanmu. Nan matasa suka so su ɓalle, na daka musu tsawa irin ta fili na ce kowa ya tsaya a layinsa, ya bi ganga. Sani, Allah ya saka masa, bai saki kiɗan ba. Muka haura, gwiwata ta dama ta yi wata ƙara da na ji har cikin kaina, na ci gaba. Da muka shiga gari aka duba, babu wanda ya ɓace. Da muka waiwaya, hayaƙi ya tashi a bakin daji. Sun kwashi abin da za su iya, suka cinna wa sauran wuta, dawar shekara guda.

Na sauke shi a ƙofar gidansa. Ya tsaya ya gyara rigarsa, wani ya miƙa masa hula. Bai dube ni ba, Baffa Ado ya duba, wanda ke dafe da bango yana haki.

"Ado, ka hwaɗa ma wanga mutum, kada ya ƙara taka ƙofar gidana."

Da na dawo gida ina ɗingishi, labari ya riga ni. Mahaifiyarku na zaune a bakin murhu babu wuta. Ba ta tambaye ni harbi ba, ba ta tambaye ni ƙafa ba.

"Sunan nashi ka kira? Da bakinka?"

Na ce da bakina.

"Kuma ka goya shi. Baba. Gaban mutane."

Ta sa kuka, irin wanda ban taɓa ji ta yi ba. Can ta tashi ta ɗumama man shanu, ta zauna tana murza mini gwiwa, hawaye na zuba. Ban ga laifinta ba. Waɗanda suka ba ni mamaki su ne mutanen da suka kwana a ɗakunansu a ranar maimakon cikin daji da igiya a hannu. Sai ka ji mutum ya ce Malam ya kyauta, amma ai da ya nemi Baffa Ado. Wani ya ce ko ba komai da ya sa wando. Goggonku ta ce boko ne ya cire mini kunya. Na yi fushi, ba zan ɓoye muku ba, na yi fushin da har abinci ya daina yi mini daɗi. Babu wanda ya zo ya ce in je in ba da haƙuri da bai koma da mamakin taurin kaina ba, domin na ƙi zuwa.

Kun ga sauran da idonku. Kun ga da salla kuna shiga gaishe shi ni ina zaune a bakin masallaci. Kun ga ranar ɗaurin auren ƙanwarku a zaurensa, ni uban amarya ina tsallaken hanya. Da ya rasu bayan damina biyu, a can tsallaken na zauna aka yi mini gaisuwa. Ɗayanku ya taɓa ce mini kakansa mutum ne marar godiya, na ce ya rufe mini baki, ban kuma gaya masa dalili ba. Ga dalilin.

Lokacin da muka haura rafin nan, ana harbi, yana bayana, sai na ji bakinsa dab da kunnena.

"Malam."

Na kusa faɗuwa. Ban da amsa gaisuwa, bai taɓa yi mini magana ba sai ta bakin wani.

"Rage kaɗan. Ado na baya, shina haki."

Na saurara, gaskiya ne, ni ciwon gwiwa ya sa ban ji ba. Ashe duk tafiyar nan shi ma kunnensa na baya. Na ce wa Sani ya sassauta. Muka ɗan taɓa tafiya, sai ya sake magana, a hankali yadda babu mai ji.

"In mun isa zan kore ka. Sarkin Noman da surukinshi ya kira sunanshi ya goya shi, ya kuma haɗiye, ba mai ƙara amsa gayyarshi. Baɗi kau akwai yunwa. Kada ka zo ban haƙuri, in ka zo dole in yafe."

Na ce to, Baba. Iyakar hirar da muka taɓa yi ke nan a duniya.

Da damina ta kewayo ya kira gayya a gonarsa ta kusa da gari, kuma babu wanda ya ƙi fita, har da masu cewa tsoho ya nuna wa ɗan boko iyakarsa. Dawar nan ce ta riƙe Rafin Gora a shekarar da mutane da yawa ba su yi noma ba. Mu ma mun ci, don mahaifiyarku takan je ta dawo da ita a kai, ba ta san abin da aka saye ta da shi ba. Na yi zaton in abubuwa sun lafa zai aiko a kira ni. Wataƙila shi ma haka ya yi zato, Allah bai nufa ba.

Sai bayan an yi addu'ar arba'in na gaya wa mahaifiyarku. Na ɗauka za ta yi faɗan ɓoye mata da na yi. Sai ta ce:

"Ashe har ya ce maka Malam."

To, kun ji. Kada wanda ya riƙe kakansa a zuciya saboda ni, kuma ku riƙa zuwa gaishe da Baffa Ado, ya tsufa ƙwarai. In dangi sun sake ba ku labarin gajeren wando, ku yi dariya tare da su, don abin dariya ne. Sunan nasa kuwa sau ɗaya na taɓa faɗinsa, kuma kun ga ko a nan ban rubuta shi ba.